Mijina ya samu aiki a Teksas, an ce ba zan tafi da Baba ba sai alƙali ya yarda

Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a Sakramento ta jihar Kalifoniya tare da mijina da 'ya'yanmu uku da mahaifina. Baba yana da shekara 71. Ya fi shekara ashirin yana tuƙin tasi a garin nan kafin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi shekara uku da suka wuce. Yanzu yana ɗan takawa da sanda, amma ƙwaƙwalwar ta taɓu. Yana manta magani, ba ya iya lissafin kuɗi, Turancin ma ya gudu, Hausa kaɗai yake yi, ita ma a hankali. Da banki da asibiti suka ƙi sauraronmu, sai na je kotu aka naɗa ni waliyyiyarsa a kan lafiyarsa da dukiyarsa, abin da suke kira conservatorship. Ni ke girki, ni ke ba da magani, ni ke kai shi asibiti, mijina ke yi masa wanka. Shirin IHSS, na gwamnati mai biyan masu jinya a gida, na biyana ɗan wani abu na jinyar.

To yanzu mijina ya samu aiki mai kyau a Huston ta jihar Teksas, zai fara nan da mako shida, har mun ga gida. Wata ƙawata ta ce ba ni da ikon fita da Baba daga jihar nan sai alƙali ya sa hannu. Wata kuma ta ce in rabu da zancen, in sa shi a mota mu kama hanya, wa zai sani? Yayana da ke Oklan ya ce bai yarda ba, alhali sau ɗaya a wata yake leƙo shi. Baffanmu na Kano kuma kullum waya, wai a dawo da shi gida cikin dangi. Anti, ubana ne fa. Ashe sai na roƙi wani kafin in tafi da ubana inda mijina yake? Yaya zan yi?

Baiwar Allah, Sakramento

Wa'alaikumus salam 'yata. Allah ya ba Baba sauƙi, ya sa kaffara ce, ke da maigidanki kuma Allah ya biya ku. Surukin da zai naɗe hannun riga ya yi wa uban matarsa wanka ba a ko'ina ake samunsa ba, ki riƙe shi da kyau.

Ƙawarki ta farko ce ta faɗa miki gaskiya. Dokar gado da walicci ta Kalifoniya, a sashe na 2352, ta raba abin gida biyu. Idan a cikin jihar za ki sauya wa Baba mazauni, ko da can San Diyego ce, ba sai kin nemi izini ba, sanarwa ce kawai za ki kai wa kotu da dangi. Amma da zarar sabon mazaunin ya tsallake iyakar jihar, ko da Reno ce ta Nebada da ba ta fi awa biyu da 'yan kai daga gidanku ba, sai alƙali ya amince tukuna. Kuma kafin tafiya ake nema, ba bayan an sauke kaya ba.

Na san inda abin yake miki ciwo. Ke kika san lokacin maganinsa, ke kike gane tarin sanyi da na ƙwarewa, alƙali kuwa sau nawa ma ya taɓa ganin fuskarsa? Amma ki tuna yadda aka yi ikon nan ya zo hannunki. Zamanki 'yarsa bai sa banki ya buɗe miki asusunsa ba, da bakinki kika faɗa. Takardar kotu ce ta buɗe. Ranar da alƙali ya sa mata hannu, ya karɓe wa dattijo mai 'ya'ya da jikoki ikon yanke wa kansa shawara a kan kuɗinsa da jikinsa da inda zai kwana, ya damƙa miki amana. Tunda shi ya karɓe, alhakin sa ido yana wuyansa, idon nasa kuma bai wuce iyakar Kalifoniya ba. Mai binciken kotu da ke zuwa gidanku ya zauna da Baba ba zai hau jirgi ya bi ku Huston ba. An sha ganin 'ya'ya suna rigima a kan dukiyar tsoho, ɗaya ya ɗauke shi ya tsallaka wata jiha don ya ɓace wa kotu da 'yan'uwansa. Don irinsu aka yi dokar, sai ta hau kan kowa. Tun kuma bayan shari'ar mawaƙiyar nan Britney Spears, wadda aka kwance mata walicci a Nuwamban 2021 bayan shekara 13, majalisar jihar ta ƙara ɗaure dokokin walicci, alƙalai kuma suka ƙara buɗe ido.

Ita mai cewa wa zai sani, ki tambaye ta ko ta manta da Yayanki. Ya riga ya sani, ya kuma ce bai yarda ba. Takarda ɗaya zai shigar a kotu. Ko bai shigar ba, ranar da mai bincike ya ƙwanƙwasa ƙofa ya tarar da baƙin fuska a gidan, magana ta fito. Alƙali na da ikon ya tuɓe ki, ya ba da umarnin a dawo da Baba, ya sa ki biya duk asarar da dukiyarsa ta yi a dalilin tafiyar. Abin da ya fi tsorata ni ma shi ne, idan alƙali ya ga 'ya'ya na ja-in-ja, ba lallai ya miƙa wa ɗayanku ba. Yana iya ɗauko bare, ƙwararren waliyyi mai lasisi da za a riƙa biya daga kuɗin Baba, ko ofishin waliyyin gwamnati na gunduma. Daga nan ke da Yayan duk kun zama masu neman izinin wani a kan ubanku. Sannan idan aka ci gaba da karɓar kuɗin IHSS alhali mutum ya bar jihar, wannan kuma wani laifin ne daban, mai sunan zamba.

Ziyara ba ita ce ƙaura ba. Galibi waliyyi na iya fita da wanda yake kula da shi ya yi 'yan kwanaki ya dawo. Ki ɗauko umarnin da aka naɗa ki da shi, da takardar shaidar walicci, ki karanta ko an gindaya miki wani sharaɗi a kan tafiya. Amma kada ki yi dabarar kiran ƙaura da sunan ziyara. Wanda ya saki gidan haya, ya cire yara daga makaranta, ya loda gado da katifa a babbar mota, babu alƙalin da zai yarda hutu ya tafi.

Neman izinin shi kansa ba wani dogon abu ba ne a takarda. Akwai fom mai lamba GC-085, na roƙon a tsayar da mazauni a wajen jihar, ana samunsa kyauta a shafin kotunan Kalifoniya na intanet. Ki cike, ki kai kotun da ta naɗa ki, a ƙarƙashin lambar shari'ar nan taku. Ki haɗa da GC-090, wanda alƙali zai sa wa hannu idan ya amince. Akwai kuɗin shigarwa, akwai kuma fom na neman yafiya idan ƙarfin Baba bai kai ba. Akawu zai ba ki ranar zama. Aƙalla kwana 15 kafin ranar, dole a aika sanarwa da kwafin roƙon ga Baba da lauyansa da danginsa na kusa, wato matarsa in akwai, da 'ya'yansa, da jikoki, da 'yan'uwansa na jini. Kin ga ke nan Yayanki na ciki, Baffa na Kano ma na ciki, don ɗan'uwan Baba ne. Ki nemi adireshinsa na gidan waya tun yau, ki aika da wuri tunda hanya da nisa. Ba ke za ki sa wasiƙun a akwati da hannunki ba. Wani baligi da ba ya cikin shari'ar ne zai aika, ya sa hannu a takardar shaida. A irin wannan ƙaramin abu ake ɗage zama, mutum ya yi asarar wata guda a banza.

Mako shida kuwa, ki cire rai. Kwana 15 ɗin nan mafi ƙaranci ne. Ranar da akawu zai samar miki ta dogara da cunkoson kotu, ana iya jefa ki makonni da yawa gaba, kuma idan Yaya ya shigar da ƙin amincewa, alƙali na iya tura mai bincike ya kawo rahoto, ko ya sa wata ranar sauraron shaidu. Akwai hanyar roƙon a gajarta lokaci, amma don gaggawa ta gaske aka yi ta, irin a ce gadon asibiti zai kuɓuce. Sabon aikin miji gaggawarku ce, ba ta Baba ba, haka alƙali zai kalle ta. Shawarata maigida ya yi gaba ya kama aikinsa a ranar da aka ce, ke ki zauna da Baba har takarda ta fito. Zai yi tsada, haya biyu na ɗan lokaci, kuma na san ba daɗi. Ya fi a tuɓe ki.

Yanzu ga inda nake so ki tattara hankalinki. Wasiƙarki daga farko har ƙarshe ta faɗa min abin da ke da mijinki za ku samu a Huston. Ba ta faɗa min abin da Baba zai samu ba, kuma wannan kaɗai alƙali zai tambaya. Doka ta ɗora miki zaɓar masa mazaunin da ya dace da buƙatunsa, mafi ƙarancin takura, wanda kuma ya fi masa alheri. Hujjarki mafi ƙarfi tana hannunki: ku ne masu jinyarsa dare da rana, idan kuka tafi kuka bar shi, gidan kula da tsofaffi ne makomarsa, inda babu mai jin Hausa, babu mai sanin a juya shi ya kalli gabas. Wannan hujja ce ta gaske, amma ita kaɗai ba ta isa ba. Ki rubuta bayanin rantsuwa ki liƙa a jikin fom ɗin, ki faɗi komai dalla-dalla. Adireshin sabon gida. Ɗakin Baba a ƙasa yake ko sai an hau bene? Banɗakin yana da ƙarfen dafawa, ƙofarsa za ta ci keken guragu ranar da sanda ta gaza? Wane likita ne ya yarda zai karɓe shi, yaushe ne ganin farko, ina za a ci gaba da gashin ƙashi? Wa zai zauna da shi ranar da kika fita? Ki samo wasiƙa daga likitansa na yanzu cewa jikinsa zai ɗauki tafiyar, da kuma ta wace hanya. Tsakanin Sakramento da Huston kusan mil 2,000 ne, kwana uku a mota ga mai shanyewar jiki azaba ce, jirgi na 'yan awanni ya fi masa. Ki ma sa layi biyu a kan guguwa. Huston gari ne na ambaliya da ɗaukewar wuta, a Yulin 2024 guguwar Beryl ta bar unguwanni da yawa kwana da kwanaki babu lantarki cikin tsananin zafi. Alƙalin da ya ga kin yi tunanin inda za ki kai tsoho a irin wannan rana ya san da mai hankali yake magana. Idan akwai masallaci kusa da gidan, da mutanenmu da zai riƙa gaisawa da su, ki rubuta. Huston na cikin garuruwan Amurka da 'yan Najeriya suka fi yawa, sai dai ki bincika da kanki ko akwai masu jin Hausa a kusa da inda za ku zauna, kada ki rubuta abin da ba ki tabbatar ba.

Sai tambayar da ban ga amsarta a wasiƙarki ba: shi Baban me ya ce? Kin kawo min ra'ayin ƙawaye biyu da na Yaya da na Baffa, ban ji na mai abin ba. Mutumin da ba ya iya lissafin kuɗi yana iya sanin inda yake so ya zauna. Ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana zaga titunan garin nan, wataƙila akwai tsoffin abokan tuƙi da ke zuwa ɗaukarsa Juma'a, wataƙila akwai kabarin wani nasa a Sakramento. Ki zaɓi lokacin da kansa ya fi washewa, galibi da hantsi bayan ya karya, ki kashe talabijin, ki sallami yara. Ki nuna masa hoton gidan a waya. Kada ki ce "Baba ai za ka bi mu ko?", don duk uba zai ce to. Ki ce "Baba, in mun koma can, me za ka fi kewa a nan?" sai ki yi shiru ki jira, ko zai ɗauki minti biyar yana neman kalmar. Bayan kwana biyu ki sake tambaya ki ga ko amsar ɗaya ce. Mai bincike da lauyan da kotu ta ba shi za su yi masa irin wannan tambayar ba tare da ke a ɗakin ba, gara ki riga su ji. Kuma tunda Turanci ya gudu, ki nemi kotu ta tanadi tafintan Hausa tun ranar da kika shigar da takarda. Kyauta ne, amma masu Hausa ba su da yawa a can, sai an nemo. Kada ki yarda ke ko maigida ku zama tafinta, don duk abin da Baba ya faɗa ta bakinku, Yaya zai ce ku kuka faɗa.

Maganar Yaya kuwa, zan faɗa miki abin da ba za ki so ba. Sau ɗaya a wata kaɗan ne, na yarda, kuma wanda bai taɓa kwana ido biyu ba bai kamata ya fi kowa ɗaga murya ba. Amma yau tsakaninsa da ubansa awa ɗaya da rabi ce a mota, gobe sai tikitin jirgi da neman hutu a wurin aiki. Tsoronsa a kira shi a waya a ce ya zo jana'iza. Ƙila kuma akwai ɗacin cewa shi ne babba, shi ne namiji, kotu ta tsallake shi ta naɗa ƙanwarsa, yanzu kuma an ga gida an gama magana kafin a shawarce shi. Ko ba shi da gaskiya, yana da ikon tsayawa gaban alƙali, kuma ƙin amincewarsa kaɗai na iya cinye muku watanni da dubban daloli na lauyoyi, wani kason daga aljihun Baba.

Don haka kada ya fara ganin zancen a ambulan ɗin kotu. Ki je Oklan da ƙafarki, ko ki sa wani babba da yake jin nauyinsa ya zaunar da ku. Ki ba shi girmansa, ki ce shawara kika zo nema. Ki ajiye masa tsarin jinyar a gabansa, ki tambaye shi abin da zai ƙara. Ki yi masa tayin abubuwan da za a rubuta a cikin roƙon: kiran bidiyo a rana kaza, ɗaki idan ya zo, izinin yin magana da likita kai tsaye, kwafin lissafin kuɗi duk lokacin da aka kai kotu. Sannan ga jarrabawa mai kyau da Allah ya kawo da kanta. Maigida zai yi gaba, wankan Baba ya zama babu mai yi. Ki ce Yaya ya zo ya karɓa a makonnin nan. In ya zo ya yi, zai san nauyin abin da kuke ɗauke da shi, bakinsa zai yi laushi. In bai zo ba, shi ma amsa ce, kuma ba sai kin yi masa gori ba. Idan ya gamsu, ya sa hannu a takardar amincewa a haɗa da roƙon.

Abin da ya fi kayar da mutane a irin wannan ƙaura ba alƙali ba ne, kuɗin magani ne. Kuɗin fansho na Social Security zai bi Baba duk jihar da ya je, adireshi kawai za a sauya. Medicare na asali, wato inshorar lafiya ta tarayya don tsofaffi, ma haka. Amma idan yana kan tsarin Medicare Advantage, wanda kamfanoni masu zaman kansu ke gudanarwa, ko tsarin biyan kuɗin magunguna, waɗannan na yanki ne, dole a zaɓi sabo a Huston cikin wa'adin kusan wata biyu da ake bayarwa bayan ƙaura. Medi-Cal kuwa, wato Medicaid na Kalifoniya, inshorar lafiya ta masu ƙaramin ƙarfi, ba ya tsallake iyaka. Za a rufe shi, ki nemi Medicaid na Teksas daga farko, ba a riƙe biyu lokaci guda, kuma amsa na iya ɗaukar kwana 45, wani lokacin har 90. Teksas ba Kalifoniya ba ce wajen sakin hannu. Ba ta faɗaɗa Medicaid ya kai ga ƙarin masu ƙaramin ƙarfi ba, kuma a yawancin shirye-shiryenta na tsofaffi dukiyar da ake ƙirgawa ba za ta wuce dala 2,000 ba. Ajiyar da ba ta hana Baba komai a Sakramento tana iya hana shi a can. Idan yana karɓar SSI, wato tallafin kuɗi na tarayya ga tsofaffi da nakasassu marasa ƙarfi, ƙarin da Kalifoniya ke ɗorawa a kai zai faɗi. IHSS zai tsaya ranar da kuka fita. Teksas na da nata shirin kula da mutum a gida a ƙarƙashin STAR+PLUS, reshen Medicaid na tsofaffi da nakasassu, amma ana iya shiga layin jira, kuma ƙa'idarsu a kan biyan waliyyin da kotu ta naɗa albashin jinya tana da tsauri. Kada ki sa wannan kuɗin a kasafinku har sai lauya ya tabbatar miki.

Akwai kuma abin da ba ki faɗa ba: Baba ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa, ko katin zama na dindindin ne a hannunsa? A Kalifoniya bambancin bai cika fitowa ba, a Teksas kuwa babba ne. Jihar tana hana Medicaid ga yawancin manya masu katin dindindin da suka shigo ƙasar daga 22 ga Agustan 1996, ko sun wuce shekara biyar, sai fa idan suna da tarihin aiki na kwata 40, wato kimanin shekara goma ana biyan harajin Social Security. Direban tasi mai zaman kansa, wannan ya dogara da yadda ya riƙa cike harajinsa. Ki buɗe asusunsa na Social Security ki duba kafin ki sa hannu a kan komai. Awa ɗaya da lauyan harkokin tsofaffi na Huston, ko ta waya ce, za ta warware miki wannan duka, kuma shi ne kuɗin da ya fi cancanta ki kashe a wannan makon. Kafin ku tashi kuma ki roƙi likita ya rubuta maganin wata uku, ki karɓi kwafin fayil ɗin asibiti a hannu.

Izinin alƙalin Sakramento ba shi ne ƙarshe ba. Umarnin zai zo da sharaɗi: idan Baba ya zauna a can wata huɗu, ko wa'adin da alƙali ya yanka, ko dai ki dawo da shi, ko ki buɗe walicci a kotun can. A Teksas sunan abin guardianship. Dokarsu, a babi na 1253 na kundin gado, ta yarda waliyyin da wata jiha ta naɗa ya roƙi kotun inda za a zauna ta karɓi waliccin, tare da kwafin duk takardun shari'ar mai hatimin kotun farko. Ki karɓi wannan kwafin kina Sakramento, ya fi sauƙi da neman sa daga nesa. Ita ma Kalifoniya tun Janairun 2016 tana da dokar miƙa walicci ga wata jiha, inda kotuna biyu ke ba da umarnin wucin gadi kafin na ƙarshe. Wata hanyar ita ce a buɗe sabo fil a Teksas, da takardar likita da ba ta wuce kwana 120 ba, da lauyan da kotu za ta naɗa wa Baba. Lauyanki zai duba wadda ta fi sauri. Ko wacce aka bi, Teksas za ta sa ki yi rajista da horo da binciken tarihin laifi, kuma rahoto da lissafi duk shekara take karɓa, ba duk shekara biyu ba kamar yadda kika saba. A wannan matakin kada ki shiga babu lauya.

Har sai kotun Sakramento ta karɓi lissafinki na ƙarshe ta sallame ki, kina ƙarƙashinta. Kada ki kwashe kuɗin Baba zuwa wani banki ba da sanin kotu ba, kada kuma a biya motar kayan gida duka daga asusunsa. Tikitinsa da kason kayansa, shi ke nan, da rasit.

Baffa kuma ki yi masa magana mai daɗi, don ƙauna ce ta sa shi. Ki fahimtar da shi cewa Kano ma wajen jiha ce, sai da izinin alƙalin nan, kuma samun sa ya fi wuya tunda babu kotun da za a miƙa wa kai tsaye. Medicare ba ya biyan asibiti a Najeriya, SSI na tsayawa idan mutum ya yi kwana 30 a jere a waje, mai katin dindindin kuma da ya shekara bai dawo ba yana iya rasa katin. Ki tambaye shi cikin ladabi wa zai yi jinyar a can da sunansa, ba "dangi" ba, kuma da wane kuɗi. Idan Baba da kansa ya ce gida yake so, to magana ta sauya, sai a zauna a duba ta da gaske.

Zai yiwu bayan kin gama duk binciken nan lissafi ya nuna Baba zai rasa fiye da abin da zai samu, misali babu Medicaid a can, ko ya ce shi ba inda za shi. Idan haka ta faru, kada ki ɓoye wa alƙali, kada kuma ki ɓoye wa kanki. Akwai sauran hanyoyi: a naɗa Yaya abokin walicci ko magajinki idan ya nuna da gaske yake, Baba ya koma wurinsa da masu jinya na IHSS, ko maigida ya yi shekara yana zuwa yana dawowa kafin a ga yadda jikin zai kasance. Sauya waliyyi ma ta kotun nan zai bi, don haka ki tambayi lauya duka biyun a zama ɗaya. Idan kuɗin lauya ya yi nauyi, kotun gundumarku na da ofishin taimakon masu shigar da ƙara da kansu, za su duba miki fom ɗin kyauta kafin ki miƙa.